Careful da cautious: duk "yi hankali" ne, amma fa da bambanci

1/ A makaranta, careful da cautious duk "yi hankali" aka fassara mana su. Ni kam ina ganin haɗa su wuri ɗaya yana cutar da mu a Zamfara. Ku biyo ni.

2/ Cautious shi ne mai taka-tsantsan. Ya hango haɗari, ya ja baya ko ya jinkirta. Careful kuwa mai kula ne: zai yi abin, amma a natse, ba kuskure.

3/ Hanya mafi sauƙi, duba kishiyarsu. Kishiyar cautious ita ce reckless, wato ganganci. Kishiyar careful ita ce careless, wato sakaci.

4/ Direban da ya ƙi ɗaukar hanyar Gusau zuwa Tsafe bayan la'asar, cautious ne. Wanda ya duba taya da birki da mai kafin ya bar tasha, don kada mota ta mutu masa a daji, careful ne. Mutum zai iya yin na farko ya bar na biyu.

5/ Taka-tsantsan kam mun iya, dole ta koya mana. A Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar nan, an rufe kasuwannin mako. Manoma da yawa a Bungudu sun haƙura da gonakin nesa.

6/ Inda muke da saura shi ne kula, musamman a waya. Mutum ba ya fita da dare, amma zai rubuta "gobe da asuba sai Funtuwa" kowa ya gani. Ko ya ga motocin sojoji ya ɗauki bidiyo ya ɗora.

7/ Ko a turo masa muryar wani a WhatsApp cewa an tare hanya, bai san rana ba, bai san mai magana ba, ya tura gaba. Uwa tana gida hawan jininta ya tashi, alhali labarin bara ne.

8/ Taka-tsantsan in ya yi yawa yakan koma tsoro, ya hana noma da kasuwa da makaranta. Kula ba ta hana ka komai, minti biyu kawai za ta ci maka.

9/ Don Allah kafin ka tura labari, tambayi kanka: yaushe? A ina? Wa ya gani da idonsa? In babu amsa, ya tsaya a wayarka. Allah Ya ba mu zaman lafiya.