Wa Zai Tsare Ƙungiya Daga Magoya Bayanta?

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, wataƙila wani zai yi mamakin ganin maganar ƙwallon ƙafa a wannan shafi, to amma duk wanda ya san majalisun matasa a Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Kebbe ya san cewa babu wata hira da take cin lokacinsu kamar wannan. Abin da ya mamaye zukatan 'ya'yanmu da ƙannenmu kuwa bai kamata mu kau da kai daga gare shi ba, sai dai mu ɗora shi a kan mizani mu ga abin da ke cikinsa na fa'ida da na ɓarna.

Mas'alar da za mu duba ita ce halin da magoya baya suke nunawa a duk lokacin da ƙungiyarsu ta ɗauko wani fitaccen ɗan wasa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na watan Oktoba na 2024, lokacin da ƙungiyar Kano Pillars ta dawo da tsofaffin 'yan wasanta biyu, wato Ahmed Musa da Shehu Abdullahi. Shi Ahmed Musa ɗan wasan gaba ne, duniya ta san shi da ƙwallaye biyun da ya zura wa Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014, da kuma biyun da ya zura wa Iceland a ta 2018. Shi kuwa Shehu Abdullahi namu ne, haifaffen Sakkwato a 1993, mai tsaron baya wanda yakan taimaka a tsakiya. Ya taka leda a Kuwaiti da Fotugal da Saifurus da Turkiyya da Bulgeriya, yana cikin 'yan Nijeriya da suka samo lambar tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016, sa'an nan ya buga gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018.

Da labarin ya iso nan yankinmu, sai masu sha'awar ƙwallo suka kasu gida uku. Kashi na farko suka yanke hukunci tun a ranar cewa kofi ya riga ya zama na Pillars, saura kawai a miƙa shi. Kashi na biyu suka ce ai waɗannan mutane sun haura shekara 30, Turai ta gama cin moriyarsu, ganga ce kawai aka yar mana. Kashi na uku kuma, waɗanda kishin gida ya motsa, suka tambaya me zai sa ɗan Sakkwato ya kai ƙarfinsa Kano alhali ga Sokoto United nan, wadda ta shafe shekaru tana fafutika a rukuni na biyu a filin wasa na Giginya.

Kowane kashi yana da ɗan abin kamawa, amma dukkansu sun haɗu a kan kuskure guda, shi ne ɗora makomar ƙungiya kacokan a wuyan mutum ɗaya ko biyu. Masu yabo sun yi guluwwi a yabo, masu suka sun yi guluwwi a suka, kuma babu wanda ya tambayi kansa: ni fa, mene ne nawa rabon a nasarar ƙungiyar nan ko faɗuwarta? Wannan tambaya ita ce muke ganin ta fi kowace muhimmanci, kuma tarihin Pillars ɗin kanta ya isa hujja.

Da farko, mu duba abin da ɗauko fitaccen ɗan wasa yake iya yi da wanda ba ya iyawa. Gasar ƙoli ta Nijeriya ƙungiyoyi 20 ne suke fafata ta, kowace tana buga wasa 38, rabinsu a gida rabinsu a waje, tare da doguwar tafiya a mota daga wannan kusurwa ta ƙasa zuwa waccan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar irin wannan jinka. Ahmed Musa ya taɓa dawowa Pillars a watan Afrilu na 2021, aka yi ta murna, amma Akwa United ce ta ɗauki kofin wannan shekara, shi kuma a watan Yuli ya koma Turkiyya. A dawowar 2024 ya ci ƙwallaye biyu a wasansa na farko da Sunshine Stars, abin da ya rufe bakin masu cewa ya ƙare, amma da aka kammala gasar a 2025 Remo Stars ce ta zama zakara, abin da ya rufe bakin masu cewa kofi ya samu. Lokacin da Pillars ta ɗauki kofi sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, ta yi haka ne da tawaga mai haɗin kai wadda ta daɗe tana wasa tare, kuma da filin Sani Abacha wanda baƙi suke shakkar shigarsa saboda ƙarfin wasan masu gida.

Na biyu, mu fahimci aikin mai tsaron baya, domin a nan ne rashin insafin magoya baya ya fi bayyana. Ɗan wasan gaba zai iya ɓarar da dama tara, ya ci ta goma, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai tsaron baya kuwa zai tare hari tara, na goma ya kuɓuce masa, a manta da taran a riƙe masa ɗayan. Mafi yawan aikinsa ba ya shiga lissafin da ake karantawa a rediyo: tsayawa a inda ya dace tun kafin ƙwallo ta iso, toshe hanyar da za a miƙa ta, matsa wa mai rarraba ƙwallon abokan hamayya lamba don kada ya samu sukunin ɗaga kai, da jan kunnen matasan da ke gefensa. Wanda ya yi shekaru yana wannan aiki a ƙasashe biyar yana kawo wa ƙungiya natsuwa da ilimi, ko da gudunsa ya ragu. Amma natsuwa ba ta sa a yi ihu a gidan kallo, shi ya sa mai gaggawa ba ya ganinta.

Na uku, kuma a nan ne zuciyar maganar take. A watan Afrilu na 2022 aka tashi wasan Pillars da Katsina United a Kano ba a kammala ba saboda tarzomar 'yan kallo, har aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. A ƙarshen wannan kakar wasa Pillars ta faɗa rukuni na biyu, ita ma Katsina United haka, sai a 2023 Pillars ta dawo. Wanda ya ga wannan zai zaci an ɗauki darasi. Amma a watan Oktoba na 2025, shekara guda bayan waccan murna ta dawowar gwanaye, Shooting Stars ta Ibadan ta rama ƙwallo a ƙarshen wasa a Kano, aka tashi 1-1, sai wasu 'yan kallo suka kutsa fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Natija ita ce an sake zabtare maki uku da ƙwallaye uku, an ci ƙungiyar tarar naira miliyan 9.5, an kuma kai wasanninta na gida Katsina.

Mu yi lissafi da hankali. Canjaras ya ba ƙungiya maki ɗaya, fushin masoyanta ya ƙwace mata uku. Ƙwallaye ukun da aka cire, babu wani ɗan wasan gaba na abokan hamayya da ya zura su, kuma babu wani mai tsaron baya a duniya, komai tsadarsa, da zai iya tare su, domin daga bayansa suka fito, daga wurin waɗanda suke rantsuwa da son ƙungiyar. Ana ɗauko mai tsaron baya don ya tsare ƙungiya daga abokan hamayya. To, wa zai tsare ta daga magoya bayanta?

Ba muna cewa duk masoyan Pillars haka suke ba, mafi yawansu mutanen kirki ne da suka biya kuɗin shiga suka zauna lafiya, kuma su ne suka fi cutuwa da aka ɗauke musu wasa zuwa wani gari. Abin da muke cewa shi ne, tushen ihun ranar ɗauko ɗan wasa da tushen jifan ranar rashin nasara guda ne, wato ta'assubanci. Wanda ya ƙudurta cewa kofi haƙƙinsa ne tun da an kawo wane, ba zai karɓi canjaras a matsayin sakamakon wasa ba, dole ya nemi wanda ya zalunce shi, kuma alƙalin wasa ne mafi kusa da hannu.

Kada mutanen Tambuwal da Kebbe su ce wannan ciwon Kano ne. Irin wannan hali yana tsirowa ne a ƙananan filaye, a wasannin unguwa da unguwa da na gari da gari waɗanda matasanmu suke shiryawa bayan kaka, da kuma gidajen kallo inda maƙwabta suke gaba da juna a kan Real Madrid da Barcelona, ƙungiyoyin da ba su san da zamansu ba. Yaron da ya ga yayansa ya zagi alƙali a filin makarantar firamare, shi ne gobe zai haura shingen babban fili.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Masu shirya gasa a garuruwanmu su rubuta sharaɗi tun kafin a fara, cewa ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa alƙali ko baƙo ta fita daga gasar, kuma a zartar ko da ta ɗan mai gari ce. Dattawa da malaman makaranta su riƙa halartar wasannin ƙarshe, domin idon babba yana kashe wutar da sanda ba ta kashewa. Masu kishin cewa Shehu Abdullahi ya tafi Kano kuma su mayar da kishin nan aiki, su gyara filayen unguwanninsu, su girmama masu horar da yara, su je Giginya su kalli tasu ƙungiyar ko tana ci ko ana cinta, domin ɗan wasa yana zuwa inda ake daraja wasa ne.

Ranar da aka ɗauko gwani kowa masoyi ne. Ana gane mai goyon baya na gaskiya ne a ranar da aka rama ƙwallo a minti na ƙarshe, ya haɗiye fushinsa, ya bar baƙo ya shiga motarsa lafiya. Allah Ya shiryi matasanmu, Ya ba mu adalci a halin murna da halin fushi.