Darmok da Jalad, da Masu Cewa Wannan Ba Harshe Ba Ne



Sati uku ke nan samarinmu na nan zangon Kumasi suna ja-in-ja a kan wani fim na Amurkawa da ya girme yawancinsu. Gardamar ta tashi ne daga bakin shagon wani tela, ta bi ta wayoyi, har ta iso zauren Maigida, inda muke riƙe masa alƙalami. Da fari mun ɗauke ta shiriritar yara. Da muka ji irin hujjojin da ake kafawa, sai muka ce a kawo mana abin mu gani da idonmu, tun da gani ya kori ji. Mun kalla sau biyu, wani ɗanmu yana warware mana Turancin inda ya yi tsauri. Mun tashi da yaƙinin cewa masu kushe shi sun yi kuskure, masu yabonsa da yawa kuma ba su san abin da suke yabo ba.

Shirin shi ne Star Trek: The Next Generation, almarar kimiyya ta talabijin da aka nuna daga 1987 zuwa 1994. Kashin da ake magana a kansa sunansa "Darmok", na biyu a zango na biyar (zangon fim muke nufi, ba namu ba), an fara haska shi a ƙarshen Satumbar 1991, kuma Joe Menosky ne ya tsara rubutunsa. Jirgin sama jannati mai suna Enterprise, ƙarƙashin Kyaftin Pikad, ya haɗu da jirgin wata al'umma da ake kira 'Ya'yan Tama. An sha haɗuwa da su a baya, ba a taɓa fahimtar juna ba. Mutanen Pikad suna da na'urar tafinta mai juya kowane harshe nan take, kuma ta yi aikinta: kowace kalma ta fito sarai. Sai dai abin da ke fitowa sunayen mutane ne da na wurare, wane da wane a wuri kaza, wane lokacin da ganuwa ta rushe. Ga kalmomi a kunne, ma'ana kuwa babu.

Da shugaban baƙin, Kyaftin Daton, ya ga magana ta ƙi, sai ya sa aka ɗauke shi da Pikad aka dire su a wata duniya mai suna El-Adrel, aka toshe hanyar ɗauko su. Ya fito da wuƙaƙe biyu ya jefa wa Pikad ɗaya. Pikad ya zaci faɗa ake nema, ya ƙi ɗauka. Dare ya yi, sanyi ya sauka, Pikad ya kasa kunna wuta, sai Daton ya jefo masa bakin wuta daga tasa. Ashe akwai wani dodo a wurin, kuma abin da Daton yake ta maimaitawa, Darmok da Jalad a Tanagra, labarin wasu mutum biyu ne da suka iso wani tsibiri kowa ta hanyarsa, suka yaƙi dabba guda tare, suka bar wurin suna aminai. Daton ya shirya wannan haɗari da gangan, don shi da baƙonsa su sami labari guda da za su yi tarayya a cikinsa. A tsakiyar artabu, mataimakin Pikad ya yi yunƙurin fizgo shugabansa da na'ura. Yunƙurin bai ci ba, amma ya riƙe Pikad na ɗan lokaci, dodon ya samu Daton shi kaɗai. Daton bai tashi daga raunukan nan ba.

Tun da aka nuna wannan kashi masoya shirin suka rabu a kansa, kuma abin da samarinmu ke faɗa yau maimaici ne na abin da aka daɗe ana faɗa a can. Masu kushe suna da hujja uku. Suna cewa harshen da aka gina shi kacokan a kan ishara zuwa tsoffin labarai ba zai yiwu ba, don da wane harshe za a ba yaro labarin tun farko? Suna cewa mutanen da ba sa iya furta "miƙo min wancan ƙarfe" ba za su ƙera jirgi ba. Suna kuma cewa na'urar da ta iya fassara kalma ta kasa fassara nufi, wannan rauni ne a rubutun fim ɗin.

Mu fara da ta yaro, don ita ce suka fi taƙama da ita. Muna tambayar mai wannan hujja, kai wa ya zaunar da kai ya ba ka tarihin Jaji kafin ka gane "fargar Jaji"? Ka ji ta ne a bakin mahaifiyarka ranar da wani ya farga bayan aikin gama ya gama, ka sake jin ta a wani wurin mai kama da wannan, kafin ka ji ta sau uku ka riga ka mallake ta. Haka "jifan gafiyar Ɓaidu". Haka yaron da bai kai ga karatun ƙissoshin Annabawa ba yake sanin cewa wanda aka ce yana da haƙurin Ayuba ba mai gaggawa ba ne, wanda aka kira Ƙaruna kuma ba yabon hannunsa ake yi ba. Yaro yana koyon magana ne daga wurin da aka faɗe ta da fuskar mai faɗin, labarin ya biyo daga baya ya ƙara mata nauyi.

Malamanmu na balaga sun riga waɗannan masu gardama da ɗaruruwan shekaru. A zaure an karantar da mu cewa kowane misali na Larabawa yana da mauridi da madribi, wato abin da ya faru har aka fara faɗinsa, da irin halin da ake buga shi a kai. Al-Maidani, wanda ya rasu a 1124, ya tara dubbansu a Majma'ul Amsal. Ga guda. Wani baduku mai suna Hunaini ya sha ciniki da wani Balaraben ƙauye a kan takalma, mutumin ya ɓata masa lokaci ya tafi bai saya ba. Hunaini ya riga shi kan hanya, ya yar da ƙafa ɗaya, ya yi gaba ya yar da ɗayar, ya laɓe. Mutumin ya wuce ta farko, da ya ga ta biyu sai ya bar raƙuminsa ya koma ɗauko waccan, Hunaini ya kora raƙumi da kaya. Har gobe idan Balarabe ya ce wane ya dawo da takalman Hunaini, an gama magana. To, wane bambanci ke tsakanin wannan da Darmok a Tanagra? Kuma ƙa'ida ce a wurinsu cewa ba a canza lafazin misali. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ganin Daton yana maimaita jimla guda ba tare da ya sauya ta ba.

Hujjar ƙera jirgi tana da ɗan nauyi, ba za mu ƙi gaskiya ba. Fim ɗin bai nuna mana maƙerarsu ba. Amma kashin bai cika awa guda ba, kuma abin da aka nuna zaman shugabanni ne a kan lamarin yaƙi da zaman lafiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fadar Asante ya ji yadda mai magana da yawun sarki, riƙe da sandarsa, yake jera karin magana a kan karin magana, ba zai fita ya ce waɗannan mutane ba su iya cinikin barkono a Kejetiya ba. Ku leƙa Suwame Magazin ku ga yadda yaro ke koyon kwance inji, rabi da ido, rabi da nuni, sai lambar sifana da tsawar maigida.

Ta ukun kuwa, wadda suka kira rauni, a wurinmu ita ce mafi gaskiyar abin da ke cikin fim ɗin, kuma mun ga irinta da idonmu. Wata shekara mun raka Maigida wani ofishi a kan rikicin fili. Aka sa wani saurayi ɗan zango, mai Turanci kamar ruwa, ya yi tafinta. Maigida ya ce shi bai zo da ƙara ba, hannunka mai sanda kawai ya zo yi. Yaron ya juya ta kalma da kalma, hannu da mutum da sanda. Muna kallo fuskar jami'in ta sauya, ya tambaya wa za a doka. Tunatarwa cikin ladabi ta koma barazana, kuma sai da muka yi zirga-zirga uku kafin a wanke wannan. Yaron bai yi ƙarya ko a kalma ɗaya ba. Abin da ya sami Pikad ke nan da aka jefa masa wuƙa, ya ga makami inda ake miƙa masa amana.

Masu yabon ma ba za mu ƙyale su ba. Kashin yakan shiga jerin mafiya kyau na shirin, jimlolinsa sun hau riguna da kofuna, masoya suna jifan juna da su don raha, har wani sabon reshen shirin na zane, Lower Decks, ya sa ɗan wannan al'umma cikin ma'aikatan jirgi a 2021, galibi don ban dariya. Ba su lura ba cewa da wannan rahar sun rushe hujjar abokan gardamarsu, tun da ga su suna fahimtar juna da harshen da aka ce ba zai yiwu ba. Amma sun ɗauki ɓawon sun bar ƙwayar. A cikin fim ɗin mutum ya ba da ransa don kawai a gane abin da yake faɗa. Paul Winfield, wanda ya fito a matsayin Daton, ya yi wasan da fuskarsa a rufe cikin roba, duk da haka ana ganin takaicin dattijon da ya faɗi magana sau goma ana kallonsa kamar taɓaɓɓe. Mu da muke tsiraru a ƙasar da harshen ofis daban, na kasuwa daban, mun san wannan kallon. Samarinmu sun kwashe sati uku a kan ko harshen zai yiwu, ba mu ji ɗaya ya tsaya a kan mutuwar nan ba.

Akwai wurin da ya fi tsaya mana a rai. Daton yana kwance cikin ciwo, ya nemi Pikad shi ma ya ba shi labari daga nasu. Pikad ya ba shi na Gilgamesh, sarkin Uruk a ƙasar Iraƙi ta yau, da Enkidu, waɗanda suka fara da kokawa suka koma aminai, har mutuwa ta ɗauke Enkidu. Da Pikad ba shi da abin bayarwa a daren nan, da zumuncin bai ƙullu ba. Da ya koma jirginsa ana cikin ɓarin wuta, jimloli kaɗan ya yi da harshensu aka sauke makamai, baƙin suka tafi da sabon misali mai ɗauke da sunansa da na Daton. A ƙarshe an nuno shi zaune yana karanta tsoffin waƙoƙin Girkawa, yana neman sanin labaran nasu mutanen.

Mu ma muna da irin waɗannan sunaye. Idan tsohon zango ya ce "Salaga", ba gari kaɗai yake nufi ba, yana nufin kasuwar goro da yaƙin 1892 ya watsa, mutanenta suka bazu zuwa Kete Krachi da sauran zangogi. Idan ya ce "shekarar Busiya" ya yi shiru, yana nufin Nuwambar 1969, da aka ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasa, aka sayar da gidaje a wulaƙance, aka raba maƙwabta da suka haifi 'ya'ya a tsakar gida guda. Jikansa yana jin kalmar sarai, don Hausarsa ba ta mutu ba, da ita yake ciniki, da ita yake zagi a filin ƙwallo. Amma abin da ke isa kunnensa sunan wani tsohon shugaba ne kawai. Masu ce mana kada mu damu, ai waya tana fassara komai yanzu, su sani irin wannan na'urar ce a jirgin Pikad.

Shekaranjiya saurayin da ya fi kowa zafi a gardamar ya zo gaishe da Maigida. Ya san sunan duniyar da Tanagra take, ya san lambar kashin, ya san wanda ya ba da umarni. Maigida ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Madalla, ɗana. To, Bayajidda a Kusugu fa?" Yaron ya ce ya san akwai maciji a ciki. Aka tambaye shi sai me ya faru, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Maigida ya ce ya dawo ranar Alhamis bayan lisha, ya zo da abokan gardamar tasa duka, har da telan.