Zauren Uwargida: In 'yarki ta ce za su je bakin dam

Da fatan sanyin bana ya zo mana da sauƙi, yara kuma ana shafe su da man kaɗe kafin kaushi ya ci ƙafa.

Wasiƙar wannan watan ta fito ne daga wata uwa a Dudunni. 'Yarta tana karatu a makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, sun gama jarrabawa, sai 'yan ajinsu suka haɗa kuɗi za su ɗauki mota su je dam ɗin Zobe, su wuni su dawo. Maigidan ya ce shi ya bar wa uwar shawara. Ita kuwa ta rasa yadda za ta yi: ta hana, yarinyar ta ce an mai da ita 'yar ƙauye a cikin ƙawaye, ta bari, zuciyarta ta ƙi kwanciya.

Uwargida, na san kema ko yau ko gobe za ki ji irin wannan roƙo. Mu nan ba mu da teku irin na mutanen Legas, bakin dam shi ne tekunmu. Zobe kuwa, da ke kudu da Dutsin-Ma a kan kogin Karaduwa, tun 1983 aka kammala gina shi, kuma duk wanda ya taso a ƙasar da rijiya ke ƙafewa da bazara, in ya ga ruwa iya ganinsa dole ya yi sha'awa. Ban ga laifin yaran ba da suka so zuwa. Ganin halittar Allah abu ne mai kyau, kuma yarinyar da ta kwana uku tana bitar karatu ta cancanci ta sarara.

Ni dai ba na cikin masu cewa a hana kai tsaye. 'Yar da ta kai kwaleji ba ta gabanki, in kin hana ba tare da dalili ba, wata rana za ta tafi ba ki sani ba, sai dai ki ga hoto a wayar ƙanwarta. Zaunar da ita za ki yi, ki tambaye ta su waye za su je. Mata ne zalla ko da maza? Akwai malama ko wani babba da zai bi su? Makaranta ta san da tafiyar, ko su ne suka shirya abinsu? In amsar ta zo da inda-inda, to kin riga kin ji amsa. In kuma akwai yayanta ko ƙanin babanta da zai iya raka su, an huta da rabin maganar, har da ta muharrami.

Inda nake so ki tsaya da ƙafarki shi ne maganar shiga jirgin ruwa. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021, daidai farkon sanyi, kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne da suka fito za su je Maulidi. Da ƙaramar Sallah ta 2022 kuma aka sake yin irinsa a Mai'aduwa, nan jiharmu, yara da dama suka tafi. Allah ya jiƙansu. Abin da ke faruwa kusan ɗaya ne kullum: jirgi ya ɗauki fiye da ƙarfinsa, babu rigar kariya ko ɗaya, mutum ɗaya ya miƙe tsaye, sauran su karkata gefe guda. To ina ga 'yan mata masu son ɗaukar hoto a tsakiyar ruwa?

Ki tuna kuma 'ya'yanmu ba su iya iyo ba. Ko wadda ta iya, ruwan hunturu daban ne. Rana na iya buɗewa da azahar jiki ya ji ɗumi, amma ruwan yana nan da sanyinsa na dare, yana ɗauke numfashi, yana riƙe ƙafa. Doguwar riga da hijabi in suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafafu. Ƙasan dam laka ce, kuma ba a shimfiɗe take ba, taku biyu ruwa na gwiwa, na uku ya shanye mutum. Tsofaffinmu kan ce 'yan ruwa ne suka ja shi. Masunta dai sun san ramukan, a tambaye su.

Akwai kuma abin da ba a gani da ido, wato tsargiya. 'Yarki mai karatun lafiya ta fi ni sanin wannan, sai dai a yi mata tuni. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwan da ba ya gudu sosai, kuma ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga. Tsoma ƙafa a bakin ruwa ana hira ma ya isa. Bayan makonni ko watanni sai a fara ganin jini a fitsari. A da ana ɗauka alamar girma ce ga yaro namiji, alhali cuta ce. Ga mace kuwa takan taɓa al'aura da mahaifa, a yi ta shan maganin sanyi ba a dace ba. Maganinta Praziquantel ne, a asibiti ake aunawa a bayar, kada a saya a kemis a sha da ka. Saboda haka alwalar azahar da la'asar a tafi da ruwanta a jarka daga gida.

Sai hanya. Ba na son tsoratar da ke, amma duk mutumin Katsina ya san halin da yankin Dutsin-Ma da Safana suka shiga da 'yan bindiga, har a watan Oktoba na 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Kafin ki ce e, maigida ya tambayi direbobin tasha da mutanen garin yadda hanyar take a makon, ba yadda take bara ba. In sun ce da sauran magana, a ɗaga tafiyar. Ga hazo kuma, wanda kan hana direba ganin gabansa da asuba da kuma faɗuwar rana. A fita bayan hantsi, a juyo da an sallame la'asar, magariba ta same su a Kankiya.

In duk wannan ya daidaita, ki sake mata fuska, Uwargida. Ki yi mata dambun zogale mai yawa da za ta ci da ƙawaye, ki sa mata rigar sanyi ko ta ce ba ta so, ki karɓi lambar direban da ta babbar da za ta bi su. Ki ce ta sayo miki kifi a hannun masunta.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa maganar tari da murar yara a wannan lokaci. Wassalam.