Ba gadun Yankari ne abin tsoro ba

Duk ɗan Bauchi da ya taɓa kwana a sansanin Wikki ya san gadu: ga shi nan durƙushe bisa gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa, bai damu da baƙi ba. Ɗan ƙasa ne, kuma ba ya barbara da aladen gida, domin jinsinsu ya sha bamban. Wanda ya kamata hukuma ta sa wa ido shi ne aladen da ake saki yana yawo a gefen gari.

Amurka ta ga abin da sakaci ke haifarwa. Turawan Sifen ne suka kai aladen gida can, har da ayarin Hernando de Soto a 1539, wasu suka tsere suka zama na daji. Daga baya mafarauta suka shigo da aladen dajin Turai domin nishaɗi. Jinsunan biyu suka haɗu, aka sami dabba mai yawan haihuwa irin ta gida da juriya irin ta daji. Yau adadinsu ya kai kimanin miliyan 6, suna lalata gonaki da mashayar dabbobi. Binciken ƙwayoyin halittarsu ya nuna garken wani yanki na da dangantaka ta kusa da wani da ke ɗaruruwan kilomita nesa. Ba da ƙafa suka yi wannan tafiya ba, mutane ne suka ɗauke su a mota.

A nan ma mota ce. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Najeriya a 1997 ya kuma yi mummunar ɓarna a gonar Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun a 2020, ya fi bin hanyar fatauci. Talakan da ke kiwo a Tafawa Ɓalewa ko Bogoro shi ke asara, ba shi da allurar rigakafi da zai dogara da ita.

Wasu za su kau da kai don batun alade ne. Amma gonar gyaɗar da garke ya tumurmusa ba ta tambayar addinin mai ita. Ya kamata gwamnatin jiha ta wajabta killace aladu, ta sa likitocin dabbobi a kan titin Jos da na Dass su riƙa duba kowace mota, sannan ta riƙa aika samfurin jini zuwa cibiyar binciken dabbobi ta Vom kafin a sauke sabon iri a jihar.