Karrama Malamai: Nauyin Da Ke Wuyan Shugabannin Makarantu

A ranar 5 ga Oktoba ta kowace shekara, malaman makaranta kan yi anko su fita fareti a Dandalin Eagle da ke Abuja da filayen wasa na manyan biranen jihohi, domin bikin Ranar Malamai ta Duniya da hukumar UNESCO ta ware tun 1994. A wurin akan miƙa wa wasu ƙalilan makullan mota da takardun yabo, a karanta jawabin shugaban ƙasa, a ɗauki hotuna, a watse. Washegari kowa ya koma ajin da ya bari, da tsagaggen allonsa da ɗalibansa da ke zaune a ƙasa.

A irin wannan biki ne, a 2020, tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya yi wa malamai albishir ta bakin Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu: tsarin albashi na musamman, alawus na masu koyarwa a karkara, gidaje masu sauƙin kuɗi, da ƙarin wa'adin aiki zuwa shekara 40 ko cika shekara 65 da haihuwa. Batun wa'adin ya zama doka a Afrilun 2022, ko da yake jihohi da dama sun ja ƙafa wajen aiki da ita. Tsarin albashin kuwa, malamin firamare bai gan shi a asusunsa ba. A nan Babban Birnin Tarayya, a gaban idon masu alƙawarin, malaman firamare na ƙananan hukumomi shida sun shafe daga Maris zuwa Yulin 2025 suna yajin aiki, kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu tun Yulin 2024.

Babu mai hankalin da zai ce kalmar yabo za ta maye gurbin albashi. Mai shago ba ya karɓar takardar yabo a madadin kuɗin masara. Biyan malami haƙƙinsa a kan kari nauyi ne na gwamnati, kuma dole a ci gaba da tuna mata har ta sauke. Sai dai akwai wani ɓangare na wannan magana da ba a cika taɓawa ba. Malami zai iya kammala aikinsa har ya yi ritaya bai taɓa haɗa ido da kwamishinan ilimi ba. Hukumar da yake gani kullum safiya ita ce hedimasta ko firinsifal. A hannun wannan mutum ɗaya ne yake ɗanɗana ko dai mutunci ko wulaƙanci, kwana biyar a kowane mako.

Shugabannin makarantu da yawa kan ce hannunsu a ɗaure yake, ba su ke ɗaukar aiki ba, ba su ke biyan albashi ba. Gaskiya ne, amma abin da ke hannun nasu ba kaɗan ba ne. Su ke raba jadawalin darussa. Su ke cike fom ɗin auna ƙwazo na shekara wanda ƙarin girma ya dogara a kansa. Su ke miƙa sunan wanda zai je bita idan hukumar SUBEB ko Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta buƙaci mutum biyu daga makaranta. Su ke zaɓar wanda zai sa ido a jarrabawa, su ke ba da izinin fita idan ɗan malama ya kwana da zazzaɓi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne, amma da su malami ke auna ko ana ganin wahalarsa.

Batun bita kaɗai ya isa misali. Saboda ɗan alawus ɗin da ke cikinta, a makarantu da dama ta zama gadon wasu shafaffu da mai. Sunaye biyu ko uku ne ke zagayawa shekara da shekaru, wani lokaci ma a tura malamin Larabci bitar koyar da lissafi don kawai shi ne na hannun daman oga. Malamar da ke fama da yara fiye da ɗari a aji ɗaya, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ita ba a tunawa da ita sai ranar da sufeto zai zo ana neman ajin da za a nuna masa. Idan irin wannan malama ta fara yin aikin gani-ido, ba a yi mamaki ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma yadda ake gyara. Hedimastan da ke tsawata wa malami a taron safe, a gaban ɗaliban da malamin zai shiga ya koyar nan da minti goma, ya rusa ajin da hannunsa. Yara ba sa mantawa, kuma ba sa girmama wanda suka ga an ci wa fuska. Kuskure na da wurin gyaransa: a ofis, ƙofa a rufe. Yabo ne ya kamata a fito da shi fili, kuma a faɗi takamaiman abin da aka yaba. "Muna godiya ga dukkan malamai" magana ce da iska ke ɗauka. Amma a ce malam wane ya karɓi 'yan aji uku da yawansu ba sa haɗa baƙi, ga shi yau suna karanta jimla, wannan magana ce da mutum zai tafi da ita gida. Tana kuma nuna cewa shugaban yana leƙa azuzuwa, ba a ofis kaɗai yake wuni ba.

Babbar jarrabawar shugaba ita ce ranar da wani uba mai hali ya shigo makaranta da faɗa, ko da 'yan sanda, ko da ƙarti, saboda an hukunta ɗansa ko an kama shi da satar amsa. A nan malamai ke gane ko suna da bango. Idan malamin ya yi laifi, musamman idan ya wuce gona da iri wajen duka, akwai doka kuma dole ta yi aiki. Kare yaro na gaba da komai. Amma idan yana kan gaskiya sai shugaba ya tilasta masa ba da haƙuri don gudun ɓacin ran mai kuɗi ko ɗan siyasa, to daga ranar babu malamin da zai sake kama mai satar amsa a wannan makaranta. Za a zuba ido kawai, kowa ya kare tuwonsa.

Wani zai ce ai wannan duk lallashi ne, malamai sun fi buƙatar tsawa, tunda ga masu fashin aiki, ga masu sayar da kaya a ɗakin malamai a lokacin darasi. Akwai su, babu musu. Sai dai kawar da kai daga malalaci shi ne babban cin fuska ga mai ƙwazo. Wanda ya zo ƙarfe bakwai da rabi yana kallon wanda ya zo ƙarfe goma ya sa hannu a rajista ba a ce masa uffan ba, don ƙanin sakataren ilimi ne, ya san matsayinsa ba sai an gaya masa ba. Saboda haka adalci wajen hukunci shi ma karramawa ne. Abin da ke kashe ɗakin malamai shi ne a raba su 'yan mowa da 'yan bora, sai gulma ta samu gindin zama, kowa na kai ƙarar kowa.

Ya kamata a tuna cewa malamin Arewa na aiki ne da raunuka a jiki. A 2017 asusun UNICEF ya ce an kashe malamai 2,295 a Arewa maso Gabas tun daga 2009, wasu 19,000 kuma sun rasa matsuguni. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Kaduna ta sanar cewa malaman firamare 21,780 cikin kusan 33,000 sun faɗi jarrabawar gwaji, ta sallame su, aka yaɗa takardun amsoshin wasu a kafafen sada zumunta. Ko me mutum zai ce game da dacewar tace malamai, kuma akwai hujja mai ƙarfi a kan cewa wanda bai iya ba kada ya koyar, dariyar da aka yi ba ta tsaya kan waɗanda suka faɗi ba. Ta shafi waɗanda suka ci, ta shafi sana'ar gaba ɗaya. Matashin da ya ci jarrabawa da kyau a yau ba kasafai yake zaɓar kwalejin ilimi ba sai idan sauran ƙofofi sun rufe.

Da ba haka abin yake ba. Kwalejin Katsina malamai aka kafa ta don ta horar, kuma ita ta yaye Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya koyar a Midil ta Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimastanta. A wannan makaranta ta Bauchi Malam Aminu Kano ya fara koyarwa, kuma shi ne daga baya, a 1948, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa. Ɓalewa da Aminu Kano ba su yi ra'ayi ɗaya a siyasa ba, tarihi ya shaida, amma makaranta ɗaya ta ɗauke su, kuma a garin akwai dandalin muhawara inda su da Sa'adu Zungur ke baje ra'ayi. Makarantar da malamanta ke iya jayayya a kan ilimi ba tare da tsoron takardar tuhuma ba, ita ce ke fitar da ɗalibai masu tunani. Yau taron malamai a makarantu da yawa ya koma wurin karanta umarni: shugaba ya faɗa, a sa hannu, a tashi.

Al'adar zumunci ma ba baƙuwa ba ce da za a ce sai an koyo ta daga wani wuri. Adashi, asusun taimakon juna, zuwa suna da gaisuwar mutuwa, karɓar ajin abokiyar aiki idan ta tafi hutun haihuwa, duk malamai sun saba yi. Aikin shugaba shi ne ya tsare su daga lalacewa: asusu ya kasance a rubuce, a karanta lissafinsa kowane zango, kada kuɗin ya kwana a aljihunsa. Kuma zumuncin ya game kowa. A makarantun Abuja da kewaye, inda Bagwari da Bahaushe da Ibo da Bayarabe ke zaune a benci ɗaya, malamin da ya lura ana zuwa bikin wasu ba a zuwa nasa ya riga ya fahimci saƙon. Haka masu yi wa ƙasa hidima da malaman sa-kai da ƙungiyar iyaye da malamai ke ba ɗan ihsani, waɗanda a wasu makarantun karkara su ke riƙe da darussan kimiyya, amma ko kujera ba su da ita a ɗakin malamai.

Makarantu masu zaman kansu ba su da uzurin da na gwamnati ke fakewa da shi, domin a can mai makaranta shi ne mai biya. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantu da yawa sun ɓuya a wannan rami. Ana biyan mai digiri abin da ba zai kai shi rabin wata ba, a hana shi albashin watannin hutu, a zabtare masa kuɗi don makarar minti biyar, sannan a ƙarshen zango a kira shi gaban iyaye a miƙa masa bokitin roba da sunan gwarzon malami. Iyayen da ke tafi a wurin ya dace su tambayi dalilin da ya sa 'ya'yansu ke canza malamin aji sau uku a shekara.

Tushen matsalar a makarantun gwamnati shi ne yadda ake samar da shugabannin. Mafi yawa ana naɗa su ne bisa daɗewa a aiki ko bisa takardar wani babba, ba tare da an taɓa koya musu yadda ake jagorantar mutane ba. Gwanin koyar da lissafi ba lallai ya iya sasanta malamai biyu da ba sa ga maciji ba. Akwai cibiyar NIEPA a Ondo da aka kafa domin horar da masu tsarawa da gudanar da harkar ilimi, akwai ƙungiyar firinsifal-firinsifal ta ANCOPSS da ta hedimastoci ta AOPSHON. Ya kamata jihohi da Hukumar Babban Birnin Tarayya su mayar da irin wannan horo sharaɗi kafin a miƙa wa mutum makullin ofis. Shi ma hedimastan, a yi masa adalci: yana bin bashin ƙarin girma kamar kowa, sau da yawa da kuɗin aljihunsa yake sayen alli, kuma sakataren ilimi kan yi masa irin tsawar da shi yake saukewa a kan na ƙasa da shi.

Wannan jarida na kira ga hukumar UBEC da hukumomin SUBEB na jihohi da su sauya ma'aunin da suke auna shugaban makaranta da shi. A yanzu sufeto kan duba rajista da littafin tsarin darasi da tsabtar harabar makaranta ya tafi. Ya kamata ya riƙa zama da malamai a keɓe, ba a gaban shugabansu ba, ya duba jadawali ya ga yadda aka raba darussa, ya nemi sunayen waɗanda aka tura bita cikin shekara uku da suka wuce, ya kuma ƙirga malaman da suka rubuta takardar neman canjin wurin aiki tun zuwan wannan shugaba. Kwamitocin al'umma masu kula da makarantu su ma suna da damar yin waɗannan tambayoyi a zamansu na farkon zango, tunda suna ganin malaman kullum, sun kuma san wanda ke zuwa da wanda ba ya zuwa.