Waƙar ilimi daga Kano zuwa Garwa: Wa zai biya kuɗin situdiyo?

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Garwa da Yola, ko yake cin kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ya san cewa babu hajar da ta kai waƙa saurin tsallake iyaka. Ba ta biyan kuɗin duwan, ba ta jiran a ɗaga shinge. Ko a lokacin da gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, motocin kaya suka yi cirko-cirko, waƙar da aka saki a Kano da safe takan iso wayoyin 'yan kasuwarmu kafin la'asar. Wannan sauƙi ya yi wa mai saurare daɗi, amma ya bar wata tambaya da ba a cika yi ba, wato shin wane ne ke biyan mawaƙin da ya zaɓi ya koyar da jama'a wani abu, maimakon ya wasa mai kuɗi ko ya yi waƙar soyayya? Tarihin sana'ar Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Aminu Ala ko Alan Waƙa, ya isa a auna wannan tambaya da shi.

An haifi Ala a unguwar Yakasai cikin birnin Kano a 1973, kuma kafin a san shi da waƙa marubucin littattafan hikaya ne, cikin ayarin marubutan da suka cika kasuwar Kano da ƙananan littattafai. Wannan asali shi ne ya bambanta shi da sa'o'insa. A shekarun 2000, lokacin da fiyano da waƙoƙin finafinai masu kwaikwayon Indiya suka mamaye ko'ina, shi ma da fiyanon ya yi aiki, sai dai ya ɗora masa baiti irin na rubutacciyar waƙa, mai amsa-amo da ma'auni da kalmomin da sai mutum ya tambayi dattijo ko malami kafin ya gane su. Waƙarsa ta "Jami'a" ta ɗauki rayuwar neman ilimi mai zurfi da wahalhalun da ke cikinta, ta kai su kunnen mutanen da ba su taɓa taka harabar jami'a ba. "Baubawan Burmi" kuwa ta waiwayi yadda aka tafiyar da shugabancin Nijeriya da abin da talaka ya tsinta a ciki. Waƙoƙi ne masu tsawo, masu nauyi, waɗanda a ƙa'idar kasuwa bai kamata su yi farin jini ba. Amma sun yi, har ɗaliban sassan Hausa na jami'o'i suka riƙa rubuta kundayen digiri a kansu, direbobi kuma suna sa su a mota.

Ba shi ya fara wannan hanya ba. Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu sun yi wa'azin ilimi da siyasa da alƙalami, Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da manyan makaɗa ke bin fada. Abin da Ala ya ƙara shi ne shigar da wannan gado cikin situdiyo da faifan bidiyo, ya nuna cewa saurayin da ke sayen faifan rawa zai iya sayen faifan tunani idan an yi masa kiɗan da kunnensa ya saba da shi.

A nan ne ya kamata 'yan kasuwa su lura da kyau, domin a wancan zamani kasuwa ce ke riƙe da mawaƙi. Mawaƙi zai shiga situdiyo, ya sayar wa dillali aikinsa ko su yi yarjejeniya, a buga kaset ko faifan CD, manyan 'yan kasuwar Kano su rarraba, ƙananan 'yan kasuwa su ɗauko zuwa Mubi da Banki da Gamboru, daga nan kaya su shigo Marwa da Garwa da Kusiri har Ngaundere. Satar fasaha tana nan tun lokacin, ko shakka babu, kuma da yawa daga cikin faya-fayan da aka sayar a wannan ɓangaren na iyaka na jabu ne. Duk da haka akwai abin da ake riƙewa a hannu, akwai farashi, kuma wani kaso, ko yaya ƙanƙantarsa, yana komawa inda aikin ya fito. Mawaƙin da jama'a ke so yana iya cin abinci da son da ake yi masa ba tare da ya durƙusa gaban kowa ba.

Sai rigimar tace finafinai ta taso. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, amma ta fi yin ƙarfi daga 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, lokacin da aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta. A shekarar ce aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifan bidiyonsa na "Bahaushiya", a ƙarshen 2008 kuma aka ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, cikinsu har da "Hasbunallahu" wadda Ala ya yi tare da wasu abokan sana'arsa, waƙar da addu'a ce ta neman tsari daga masu takura musu. A watan Yulin shekarar aka kama shi aka tsare, bisa zargin sakin waƙa ba tare da an tace ta ba. Abin mamaki a nan shi ne, mutumin da ake kafa hujja da shi idan ana son nuna wa matasa irin waƙar da ta dace, shi ne aka kai gidan yari. Wannan ya nuna cewa hukuma tana son waƙar faɗakarwa matuƙar talaka ake yi wa faɗan, in aka juyo da baitin wajenta sai magana ta canza.

Haramcin bai yi aiki ba, kuma dalilin rashin aikinsa shi ne ginshiƙin wannan sharhi. A daidai lokacin wayoyin hannu masu ɗaukar katin memori sun fara yawa, waƙoƙin da aka hana sayarwa a shago suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta bulutut. Babu shagon da za a rufe, babu faifan da za a ƙona. Mawaƙa suka yi murna, kuma suna da gaskiya. Sai dai ƙofar da waƙa ta bi ta tsere wa hukuma, ta nan ne kuma kuɗin mawaƙi ya bi ya fice. Cikin 'yan shekaru sana'ar faifai ta durƙushe, masu tura waƙa suka maye gurbinta, wato samarin nan da ke zaune da kwamfuta a bakin tasha da ƙofar kasuwa suna cika wa mutum kati da ɗaruruwan waƙoƙi a kan 'yan canji. Ba na ganin laifin yaran nan, neman halaliyarsu suke yi a inda aiki ya yi ƙaranci. Amma gaskiyar magana ita ce ko sisi daga abin da suke karɓa ba ya isa hannun wanda ya kwana yana tsara baiti.

Za a ce ai akwai YouTube. Akwai shi, kuma wasu mawaƙan Hausa suna samu a can. Amma YouTube yana biya ne gwargwadon yawan kallon da aka yi a kansa, shi kuwa ɗan kasuwar kan iyaka da ke lissafin kuɗin data, sau ɗaya ake sauke masa bidiyo ya yi ta kallo shekara guda ba tare da an ƙirga ba. Bugu da ƙari, tsarin ya fi son gajeren abu mai saurin kama ido. Waƙa mai tsawo kan tarihi ko tarbiyya ba ta iya tsere da rawar daƙiƙa talatin a TikTok.

To idan kasuwa ta daina biya, wa ya rage? Fada, 'yan siyasa, da ƙungiyoyin agaji. Ala ya daɗe yana yi wa sarakuna waƙa, kuma "Bakan Dabo" da ya yi wa marigayi Sarkin Kano Ado Bayero tana cikin fitattun ayyukansa. Masu kare shi suna cewa waƙoƙinsa na sarauta ma darasin tarihi ne, domin yakan jero salsala da asalin gari da sunayen magabata, kuma wannan gaskiya ne. Sai dai tarihin da aka rera a gaban mai gida ba ya faɗin abin da mai gida ba ya son ji. Haka kuma inuwar fada ba ta da tabbas a wannan zamani. Masarautar Bichi da ta ba shi sarautar Ɗan Amana, gwamnati ce ta ƙirƙire ta a 2019, wata gwamnatin kuma ta rushe ta a 2024.

Waƙar ƙungiyoyin agaji kuwa mu ma'aikatan rediyo mun fi kowa saninta. Idan annoba ta ɓarke, kamar kwalarar da ta yi ɓarna a arewacin Kamaru a 2010, ko aka tashi gangamin rigakafin shan-inna, sai a kira mawaƙi a ba shi takarda mai jerin saƙonni, ya rera, a kawo mana mu sa. Tana da amfaninta, kuma ba a raina ta. Amma da wuya ka ji mai saurare ya bugo waya yana roƙon a maimaita masa ita, kuma ranar da kwangila ta ƙare ranar take mutuwa. Bambancinta da "Jami'a" shi ne, ita wannan tunanin na mawaƙin ne, ya dafa shi a cikinsa kafin ya furta, waccan kuwa an rubuto masa ne daga ofis.

A nan gida lamarin ya fi tsanani. Garwa ta taɓa fitar da Ali Baba, mawaƙi kuma gwanin rawa da ya kai kiɗan arewa gaban 'yan kudu da Turawa a shekarun 1980, daidai lokacin da talabijin ta fara aiki a Kamaru a 1985, kafin rasuwarsa a 1989 yana da ƙuruciyarsa. Bayansa Isnebo da ƙungiyarsa ta Faadah Kawtal sun ɗaga Fulatanci zuwa manyan dandamali. Amma saurayin da ke son yin waƙar ilimi a Garwa yau yana tsakanin duwatsu uku. In ya yi da Faransanci, Duwala da Yawunde sun riga shi, kuma yawancin mutanen kasuwa ba za su bi shi ba. In ya yi da Hausa, da Kano zai yi gasa, inda situdiyo da 'yan amshi da masu ɗaukar hoto suka fi yawa kuma suka fi araha. In ya yi da Fulatanci yana da jama'a har Adamawar Nijeriya da Chadi, sai dai babu dillalan da za su juya masa wannan jama'a ta zama kuɗi. Kamaru tana da dokar haƙƙin mallaka tun Disamban 2000, amma ƙungiyoyin da aka ɗora wa tattara kuɗin mawaƙa sun shafe shekaru cikin rikici, ana rushe wata ana kafa wata, kuma mai tura waƙa a tasha bai taɓa jin labarinsu ba.

Abin takaicin shi ne batutuwan da ke neman mai rera su suna nan jibge. Yadda rikicin Boko Haram ya kashe kasuwannin Banki da Amcide da Fotokol daga 2014, ya bar 'yan kasuwa da bashi. Yaran da ke kai wa ajin ƙarshe na firamare ba su da takardar haihuwa, a hana su zana jarrabawa. Ambaliyar da ke biyo bayan sakin ruwan madatsar Lagdo, wadda ke cin gonaki daga nan har Yola da Lokoja. Mawaƙin Kano ba zai yi mana waɗannan ba, don ba su ne ke hana shi barci ba.

Akwai wani misali da ya kamata a duba, ko da yake daga fagen siyasa ya fito. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya ce ba zai saki sabuwar waƙar Shugaba Buhari ba sai magoya baya sun tura masa Naira 1,000 kowannensu, kuma rahotanni suka ce an tara miliyoyi cikin 'yan kwanaki. An yi ta sukarsa, wasu sukan kuma da hujja. Amma ya tabbatar da abu ɗaya, wato Bahaushe yana biyan kuɗin waƙa tun kafin ya ji ta idan yana ganin tasa ce. Hanyar tura kuɗin ma ba ta da wuya a wajenmu, tunda Orange Money da MTN Mobile Money suna cikin wayar kusan kowane mai shago. Canji kuma ya juyo wajenmu, domin bayan faɗuwar Naira daga tsakiyar 2023, Sefa 1,000 ta haura Naira 2,000 a 2024, abin da ke nufin kuɗin da aka tara a Garwa yana da nauyi a situdiyon Kano ko Yola.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu suna yin adashi, suna haɗa kuɗin gyaran masallaci da na jinyar ɗan'uwa, kuma idan biki ya tashi mutum ɗaya yakan yi wa makaɗi liƙin da ya isa a ɗauki bidiyo sukutum. Wato kuɗin waƙa yana fita daga aljihunmu tuntuni, illa dai yana tafiya ne ga wanda ya ambaci sunanmu da na iyayenmu a gaban jama'a. Ƙungiyar masu hatsi ko ta masu atamfa da za ta ɗauki nauyin waƙa ɗaya a shekara, sai ta amince da sharaɗin da fada da jam'iyya ba sa iya amincewa da shi, wato ta biya ta kuma bar mawaƙin ya faɗi abin da ya gani, ko da baitin zai taɓo masu tauye mudu da masu ɓoye masara har sai ta yi tsada.