Masu Zane Na Bukatar Zaure Guda

Sanin kowa ne cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A shekarar 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya, suka gwama dabarun Turawa da zanen gargajiya, har sunansu ya ƙetare teku. Haka kuma a birnin Hanoi na Biyetnam, a 1998 masu zane suka mayar da wani gida wurin aikin tarayya, takwarorinsu na ƙetare suna zuwa. Amma a Tudun Wada, mai zanen allon talla da mai ɗinkin hula kowa yana rumfarsa shi kaɗai. Ya kamata Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe musu zaure guda, domin fasahar da ba a koya wa na baya ba, da mai ita ake binne ta.